Kafin ka sayi obo, duba kujerar da za ka zauna da iskar garinku

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, za ta yi wasa ya san wannan ɗan lokacin. Makaɗa sun zazzauna, kowa na ɗan taɓa kayansa, guna-guni ya cika wuri kamar kasuwa ta soma ci. Sai shugaban masu goge ya miƙe, a yi tsit. Daga can tsakiyar dandamali wata siririyar murya ta fito, miƙaƙƙiya, ba rawa ba karkarwa. Mai obo ne (obo abin busa ne ɗan'uwan algaita) ya ba da sautin da ake wa laƙabi da harafin A. Masu busa su karɓa su daidaita nasu, masu goge su murɗa kunnuwan gogensu, mutum tamanin ko fiye su hau kan wannan zare guda. Idan zaren ya karkace, to kowa ya karkace.

Na fara da wannan ne saboda tambayar da aka fi yi mini ita ce wane obo ne ya fi kyau. Iyayen da yaronsu ya shiga makarantar kiɗa suna yi, 'yan badujalar da aka ce su bar kilarinet su koma obo suna yi, masu busa a coci ma haka. Ni kuwa kafin in ambaci sunan kowane kamfani sai na fara tambayar mutum abu biyu: wace kujera kake hari a cikin masu busa, kuma a wane gari za ka riƙa buɗe akwatin? Wanda ya amsa waɗannan tsakani da Allah ya gama rabin cinikinsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan murya. Algaitar da ake busa wa sarki ranar hawan sallah da obo 'yan gida ɗaya ne. Dukansu harsunan kara biyu ake haɗawa, iska ta ratsa tsakani su kaɗa, kuma cikinsu yana farawa a tsuke ya riƙa buɗewa zuwa ƙasa. Inda suka rabu shi ne baki. Mai algaita yana zura karan gaba ɗaya cikin bakinsa, leɓɓansa na jingine da faifai, shi ya sa muryar ke fita da ƙarfi ta cika fili. A Faransa kuwa, wajen tsakiyar ƙarni na 17, a fadar Sarki Louis na 14, mabusa na gidan Hotteterre da na gidan Philidor suka ɗauki irin wannan abin busa na fili, suka raba shi gaɓa uku, suka cire abin jingina leɓe, suka bar leɓen ya riƙe karan da kansa. Daga nan aka samu damar busa shi a hankali cikin ɗaki, kafaɗa da kafaɗa da goge. Tsawonsa a yau kusan santimita 65 ne.

Kujeru uku, aiki uku

A tsohon tsarin okestira, na zamanin mashahuran marubuta kiɗa irin su Haydn da Mozart da Beethoven, masu busa kayan itace bibbiyu suke: sarewa biyu, obo biyu, kilarinet biyu, basun biyu. Manyan okestirori na yau kan yi uku-uku ko huɗu-huɗu. Masu sarewa da masu obo suna layin gaba, masu kilarinet da basun a bayansu, kuma shugabannin sassan huɗu ne ke zama a tsakiya, kusa da juna, don kowa ya ji numfashin ɗan'uwansa.

Mai obo na ɗaya shi ke ba da A, shi ke ɗaukar waƙa shi kaɗai idan kowa ya yi ƙasa da murya. A kiɗan da Brahms ya rubuta wa goge da okestira a 1878, babi na biyu yana buɗewa ne da doguwar waƙa a bakin obo, mai gogen da aka taru dominsa yana tsaye yana jira. Irin wannan nauyi ne ke kan kujerar. Mai ita yana bukatar kayan da zai ba shi launin murya iri-iri, ya bi shi duk inda ya lanƙwasa.

Na biyu fa? A ganina aikinsa ya fi wuya, kuma shi ne ba a tafa wa. Shi ake bar wa sautukan ƙasa, a ce ya busa su a hankali, alhali obo a ƙasa halinsa ne ya yi gardama: ko ya ƙi fita, ko ya fashe da ƙara kamar agwagwa. Dole kuma ya narke cikin muryar na ɗaya har mai sauraro ya kasa raba su. Yawancin waɗanda ke karanta wannan, idan Allah ya sa sun samu kujera, wannan ce za su fara samu. Saboda haka abin da za su nema a wurin kaya shi ne sautukan ƙasa masu fita ba tare da faɗa ba, da A mai zama wuri ɗaya.

Kujera ta uku ta mai kor angile ce, yayan obo, wanda ya fi shi tsawo da kaurin murya, ga ƙasansa a dunƙule kamar ƙwai. Zan dawo kansa a ƙarshe.

Katako ko roba

Nan ne zan daɗe, domin nan ne kuɗin mutanenmu ke salwanta.

Obon ƙwararru da katakon girinadila ake yin sa, baƙin itace mai nauyin da ko a ruwa nitsewa yake yi. Itacen Afirka ne. Masu jin Suwahili suna ce masa mpingo, kuma akasarin wanda ake kai wa masana'antun Turai daga Tanzaniya da Mozambik yake fitowa. Bishiyar kan yi shekara 70 zuwa 100 kafin ta isa sara. Sai mutum ya ɗauka tunda ɗan Afirka ne ai zai ji daɗin iskarmu. Ina! An busar da shi a Turai, an huda shi a Turai, ya saba da laimar da ke tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, idan hunturu ya kankama, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Gaɓar sama ta obo katako ne mai kauri, amma ramin da ke cikinta a can sama bai fi milimita 4 ba. Kana busawa, numfashinka mai ɗumi da danshi yana jiƙa cikin, cikin ya kumbura. Waje kuma yana a bushe, da sanyi, yana ƙanƙancewa. Ciki na turawa, waje na matsewa, ga ramuka an huhhuda kusa da juna. Dole wani wuri ya saki.

Obona na farko na katako ne, na hannu, wani ɗan'uwa ya taho mini da shi daga Ingila cikin damina. Wata biyar muna zaman lafiya. Ran nan cikin Janairu, da sassafe, hazo ya rufe gari, na buɗe akwati na haɗa shi da sanyinsa na hau busa. Bayan kwana biyu sai na ga sautukan ƙasa sun ƙi fita, na canja kara, na sake canjawa, shiru. Na kai shi bakin taga na karkata shi ga haske. Wani layi ne siriri kamar silin gashi, ya taso daga ɗaya daga cikin ƙananan ramuka biyu na can sama ya shige ɗayan. Gabana ya faɗi. Tsagewa tana gyaruwa, ana cika ta da gam, wani lokaci a ɗinke ta da ƙananan ƙusoshi, a sa wa ramukan sabon baki. Amma mai gyaran da ya iya wannan aiki bai kusa, kuma sai da na yi watanni ba ni da abin busawa kafin kayan ya je ya dawo.

Don haka zaɓin da ke gabanka ya fi biyu, kuma gara ka san su duka.

Akwai na roba zalla. Ba robar bokiti ba, roba ce mai tauri da ake hudawa a gyara kamar yadda ake yi wa katako. Yamaha YOB-241 yana cikin wannan aji, na 'yan koyo ne. Kamfanin Fox da ke jihar Indiyana a Amurka ya yi suna a wannan fanni: Renard 330 na masu matsakaicin ƙwarewa ne, Fox 300 kuma cikakken obon ƙwararru ne amma jikinsa duk roba. Irin waɗannan ba ruwansu da hunturu, ba ruwansu da damina, kuma su suka dace da duk wanda zai yi busa a fili, a fareti ko a rumfar biki.

Akwai kuma masu raba gardama. Tunda gaɓar sama ce ke tsagewa, sai wasu kamfanoni suka ce bari a kare ta ita kaɗai. Fox 450 gaɓar samansa roba ce, sauran jikin katako. Yamaha na da jerin da suke kira Duet+, waje katako ne amma an shafe cikin gaɓar sama da wani abu da ruwa ba ya ratsawa. Buffet Crampon sun yi irin wannan dabara a obonsu na ɗalibai mai suna Prodige. Marigaux kuwa a samfurinsu na M2 sun gajarta kan sosai, ya zama ana cire shi a sauya, mutum ya riƙe na katako da na roba, ya sa wanda ya dace da yanayi. Idan da ni ne ke zaune a Arewa kuma aljihuna ya kai, a wannan layin zan tsaya.

Sai Green Line na Buffet, wanda ya fito a 1994. Garin girinadila ne, kashi 95 cikin ɗari, aka cuɗa da zaren kabon da gam aka matse. Nauyinsa na katako ne, amma ba shi da jijiyar itace da za ta bi ta tsage. Aibinsa ɗaya: idan ya faɗi ƙasa yana iya karyewa a mahaɗa, ɓas, kamar tangaran. Ba na ba yaro ƙarami shawarar sa.

To murya fa? Masu kishin katako za su ce maka roba ba ta da rai. Akwai ɗan bambanci, ban musa ba, musamman a kunnen mai busawa kansa. Amma abin da mai sauraro ke ji daga layi na goma ya fi fitowa daga kara, da bakin mai busa, da kyan hudar ciki. Obon roba da aka huda da kyau ya fi na katako da aka yi wa aikin gaggawa, nesa ba kusa ba. Kuma obon da ke hannunka kullum ya fi wanda ke can wajen gyara.

Wanda duk da haka ya nace sai katako zalla, to ya ɗaura ɗamarar reno. Sabo ba a busa shi fiye da minti 10 zuwa 15 a rana a makonnin farko, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali har tsawon watanni. Kafin ka busa, ka sa gaɓar sama a hammata ta ɗauki ɗumin jikinka. Kana gamawa ka zura ƙyallen gogewa ka tsane ciki. Ka ajiye ɗan abin riƙe danshi cikin akwati tun daga Nuwamba har Maris. Kada ka bar shi cikin mota a rana, kada ka ajiye shi a gaban na'urar sanyaya ɗaki.

Maɓallai: waɗanda za ka nema da waɗanda za ka iya haƙura da su

Obo na farko-farko maɓalli biyu ko uku gare shi. Na yau kuwa ya sha ƙarfe tun daga sama har ƙasa. Tsarin da duniya ta fi bi shi ne wanda gidan Triébert suka ƙera, Makarantar Kiɗa ta Paris, wadda Faransawa ke kira Konsabatwa, ta karɓe shi a farkon shekarun 1880 a zamanin malaminta Georges Gillet, shi ya sa ake kiran sa tsarin konsabatwa. A Ingila akwai wani tsarin dabam mai ɗan faranti a ƙarƙashin babban yatsan hagu, kuma har yau ɗalibai da yawa a can da shi suke farawa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kayan hannu da yawa daga Ingila suke shigo mana. Ka tambayi malaminka wanne yake koyarwa tun kafin ka biya. Yatsun da suka saba da ɗaya sai sun sha wuya kafin su koma ɗayan. Kamfanin Howarth na Landan yana yin duka biyun, har da mai haɗe da tsarin biyu a jiki ɗaya.

Obon 'yan koyo ana rage masa maɓallai don ya yi sauƙi a hannu da aljihu. Biyu daga cikin waɗanda ake ragewa su ne nake so ka sa wa ido.

Na farko F na hagu. Yatsan dama da ke danna F shi ne kuma ke rufe D, don haka idan waƙa ta taso daga D zuwa F yatsan ba zai iya zama wuri biyu ba. Mai obon da ba shi da F na hagu sai ya koma wata dabarar yatsu da ake kira F mai rassa, wadda muryarta kan fito a dushe, a wani obon ma ta karkace. Kai kaɗai a ɗaki ba za ka damu ba. Amma ranar da kake riƙe da F tare da kilarinet da basun, kowa zai ji. Na biyu B-filat na ƙasa, sautin da ya fi kowane zurfi a obo. Na 'yan koyo da yawa, har da YOB-241, a B suke tsayawa. Mai kujera ta biyu kuwa zai ci karo da B-filat a takarda, kuma babu wata dabarar da za ta fito da sautin da kayanka ba shi da shi.

Shawarata ita ce yaro ɗan shekara goma mai ƙananan yatsu ya fara da mai sauƙi, babu laifi. Amma baligi, ko duk wanda ya san zai zauna cikin ƙungiya nan da shekara biyu, ya daure ya tara kuɗi ya sayi mai waɗannan maɓallai biyu tun farko, kada ya yi saye biyu.

Sauran ba na gaggawa ba ne. Maɓallan hawa bene su ne masu ɗaga sauti zuwa sama; na ukunsu yana taimakawa a sautukan can ƙololuwa, amma sai ka yi nisa za ka bukace shi. Akwai kuma batun ko maɓallan hawa bene su riƙa sauya kansu gaba ɗaya, kamar yadda Jamusawa da yawa suka fi so, ko rabi-rabi kamar yadda aka saba a Faransa da Amurka. Ni na fi karkata ga na rabi-rabi saboda dalili ɗaya: ƙarafansa sun fi ƙaranci, kuma a inda mai gyara ke da nisa, duk ƙarfen da ba ka da shi ba zai lalace maka ba. Obo cike yake da ƙananan sukurorin daidaitawa, ɗaya ya juya kaɗan sai rabin kayan ya yi shiru.

Sunaye da gidajensu

Manyan maƙera obo na Faransa uku ne. F. Lorée shi ne babba, François Lorée ya kafa shi a Paris a 1881 bayan ya yi aiki a gidan Triébert. Rigoutat ya zo a 1922, Marigaux a 1935. Howarth na Landan ya fara a 1948. Kowanne cikin na Faransan ukun yana da layi na ɗalibai mai rangwamen kuɗi: Cabart na Lorée ne, Strasser na Marigaux, RIEC na Rigoutat. Wanda ya ga waɗannan sunaye a kasuwar kayan hannu kada ya raina su, 'ya'yan manyan gida ne.

Abin da ya kamata ka gane shi ne kowane suna yana tafe da makarantarsa. Marcel Tabuteau, Bafaranshe ne da ya riƙe kujerar obo ta ɗaya a okestirar Filadelfiya daga 1915 zuwa 1954, ya kuma koyar a makarantar kiɗa ta Curtis. Shi ya kafa salon busa na Amurka, kuma tun daga zamaninsa Lorée ya zama kayan gado a wurin Amurkawa. A Turai za ka fi ganin Marigaux, wanda shahararren mai obo François Leleux na Faransa ke busawa, da Rigoutat, wanda aka san Heinz Holliger na Suwizalan da shi. A Biyana, babban birnin Ostiriya, suna da nasu obon dabam, siffarsa dabam, yatsunsa dabam. Idan ka gan shi da araha a intanet ka wuce, sai fa idan can za ka koma da zama.

Akwai kuma batun tsayin A kansa. Ma'aunin da aka amince da shi a taron Landan na 1939 shi ne kaɗawa 440 a daƙiƙa, amma okestirori da yawa a Turai suna hawa 442, wasu a Jamus da Ostiriya har 443. Obo ba kamar goge ba ne da za ka murɗa kunne. Idan ka zaro kara don ka sauko da murya, sai sautukan su daina jituwa da juna. Saboda haka ka san a nawa ƙungiyarku ke daidaitawa, ka faɗa wa mai sayarwa da mai yi maka kara.

Kuɗi kuwa, sabon obon ƙwararru daga waɗannan gidaje yana farawa ne daga wajen dala 8,000 ya yi sama, na ɗalibai mai nagarta kuma ka shirya wa 'yan dubbai. A shagunan intanet za ka ga wasu marasa suna a kan 'yan ɗaruruwan daloli, suna ƙyalli a hoto. Araha ba ta ado. Na riƙe irinsu a hannu: ƙarfen yana lanƙwashewa kamar na gwangwani, matosan da ke toshe ramuka ba sa rufewa, kuma masu gyara da yawa ba sa karɓar su. Yaron da aka ba irin wannan zai ɗauka shi ne bai iya ba, ya ajiye busa har abada. Wannan ya fi asarar kuɗin ciwo.

Kara, wanda shi ne rabin sana'ar

Mutane suna zuba duk abin da suka tara a kan jikin obo su manta da ɗan abin da ke bakinsa. Kuskure ne babba. Harshen karan nan, wanda mabusa ke kira rid, shi ne maƙogwaron kayan. Wani irin gora ne ake yin sa da shi, mafi shahara shi ne na yankin Var a kudancin Faransa. A naɗe shi biyu, a ɗaure da zare a kan ɗan bututun ƙarfe mai milimita 47, a yanke kan, sannan a kankare da wuƙa har bakin ya yi siriri ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Duka tsawonsa kusan santimita 7.

Ka kalli mai obo kafin a fara wasa. Ga ɗan ƙoƙon ruwa a gefensa kamar murfin kwalbar magani, kara biyu ko uku a tsome. Ya ɗauki ɗaya, ya yarfe, ya sa a baki shi kaɗai ba tare da obo ba, ya hura. Idan ya yi cara kamar ɗan zakara, a kan sautin C, sai ka ga fuskarsa ta saki. Idan bai yi ba, sai ya ɗaga shi ga fitila, ya zura ɗan faranti tsakanin harsunan, ya shafa wuƙa sau biyu ko uku a gefe ɗaya. Ƙurar da ta fita ko gani ba ka yi, amma murya ta canja.

Kara ba ya daɗewa. Mai busa kullum zai kashe ɗaya cikin mako biyu ko uku, wani ma bai kai haka ba, kuma mai kyau wanda aka yi da hannu yana kamawa daga dala 15 zuwa 30, ban da kuɗin aikowa. Ka lissafa wannan a shekara kafin ka yanke nawa za ka kashe a kan obon kansa. Gara obo matsakaici da kara mai kyau a kai a kai, da obon sarauta da kara guda ɗaya da ya mutu tun watan jiya.

Kankara iri biyu ce. Ta Amurka doguwa ce, tana bin kusan duk tsawon karan, gadon Tabuteau. Ta Turai gajeriya ce, sau da yawa da ɗan zoben waya a wuya. Riƙon leɓensu ba ɗaya ba ne, don haka a nan ma malaminka za ka bi. Kuma kara yana jin gari. Wanda aka kankare a Landan ko Legas, a bakin teku, idan ya hau Jos mai tsayin kusan mita 1,200 sai ya yi tauri ya rage kaɗawa. Cikin hunturu kuma yana bushewa a bakinka tun kana ƙirga lokacin shirun da aka rubuta maka a takardar kiɗa. Wannan ya sa duk wanda ya ɗauki obo da gaske ƙarshenta sai ya sayi wuƙa da dutsen wasawa ya koyi gyaran kara, ko da bai kai ga ɗaurawa da kansa ba. Kamfanin Légère na Kanada yana yin na roba, kuɗinsa ya ninka na gora sau da yawa amma yana yin watanni, ba ya bukatar jiƙo, ba ruwansa da yanayi. Ban ce ya maye gurbin gora ba. Amma a ce akwai ɗaya a akwatinka ranar da duk sauran suka ƙi, wannan kwanciyar hankali ce.

Wani abu da zai ba mai fara koyo mamaki: ƙofar karan ƙarama ce ƙwarai, iska kaɗan ke wucewa. Mai sarewa iskarsa ƙarewa take yi, mai obo kuwa tasa taruwa take yi ta lalace a ƙirji, sai ya fitar da tsohuwa kafin ya shaƙi sabuwa. Manyan mabusa da yawa sun koyi hurawa da kumatu suna shaƙa ta hanci a lokaci guda, abin da masu algaitarmu suka gada kaka da kakanni. Kara mai tauri fiye da kima yana ninka wannan wahala, har kai ya yi ciwo. Ɗan koyo ya fara da mai laushi ko matsakaici.

Sabo ko na hannu

Ga yawancinmu na hannu shi ne hanya, kuma ba abin kunya ba ne. Katakon da ya shekara biyar ana busa shi ya riga ya zauna, haɗarin tsagewarsa bai kai na sabo ba. Mabusan Amurka da yawa suna ganin obo yana gajiya, cikinsa ya sauya bayan 'yan shekaru na aiki tuƙuru, shi ya sa suke sayarwa su sake sabo. Wasu ba su yarda da haka ba, suna kafa hujja da Léon Goossens na Ingila, wanda ya yi rayuwarsa ta busa da Lorée guda ɗaya ƙirar 1907. Ko ma wane ne ke da gaskiya, obon da ƙwararre ya ce ya gaji da shi yana iya yi wa ɗalibi hidima shekaru.

Amma kada ka saya a hoto. Ka nemi a ba ka kwanakin gwaji, manyan shaguna a Turai da Amurka sun saba da haka. Idan ya zo hannunka, ka nemi lambar da aka buga a jikinsa, a kan gaɓoɓin ta zama iri ɗaya, da ita ake gane shekarar ƙira. Ka kai gaɓar sama ga haske ka duba kewayen ƙananan ramukan sama. Tsohuwar tsagewa da aka gyara da kyau ba ta hana saye, sai dai ta rage kuɗi. Sannan ka cire gaɓar sama ita kaɗai, ka rufe ramuka da yatsu, ka toshe ƙasan da tafin hannu ko yatsa, ka tsotse iskar ciki. Idan ta kama leɓenka ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, matosai na rufewa. Idan ta saki nan take, akwai yoyo. Daga nan ka sa kara mai kyau wanda ka riga ka sani, ka kunna na'urar auna sauti ko manhajarta a waya, ka riƙe A tun daga murya ƙasa-ƙasa har ƙarfi ka sake saukowa, kana kallon allurar. Sai ka gangara D, C, B, B-filat, a hankali kamar kana gudun tada jariri. In da hali ka tafi da malaminka ko wani da ya fi ka kunne, ya koma ƙarshen ɗaki ya saurara. A Najeriya, inda aka fi samun irin waɗannan mutane shi ne Legas, wajen cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, da kuma cikin makaɗan soja da na 'yan sanda.

Wajen shigo da shi, girinadila ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ake gudun ƙarewarsu, ke sa wa ido tun Janairun 2017, amma daga ƙarshen 2019 an cire kayan kiɗan da aka riga aka ƙera daga neman wannan izini. Duk da haka ka riƙe rasit saboda kwastan. Wanda zai taho maka da shi ya riƙe shi a jakar hannu, kada ya shiga cikin kayan da ake jefawa a cikin jirgi.

Saura kor angile da na ce zan dawo kansa. Muryarsa tana da daɗin da ke sa ɗalibi ya fara mafarkin mallakar sa, musamman wanda ya ji shi a babi na biyu na simfoni (dogon kiɗan okestira) ta tara da Dvořák ya rubuta a 1893. Yatsunsa kusan ɗaya ne da na obo, don haka mai obo yana iya ɗaukar sa cikin 'yan makonni. Amma kuɗinsa ya fi na obo, karansa dabam ne, yana da ɗan lanƙwasasshen bututun ƙarfe da ake saye dabam, kuma a wasa guda mai yiwuwa layi kaɗan ne nasa. Makarantu da ƙungiyoyi da yawa suna ajiye guda ɗaya na aro. Ka fara tambaya ko taku tana da shi, kuɗin kuma ka mayar da su kan kara da wuƙa mai kyau.